Masana da Jama'ar Unguwa: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Tun daga 1975 Sakkwato take da jami'a, wato Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Amma me mazaunin Gidan Igwai yake samu daga binciken lafiya? Sau da yawa mai bincike kan shigo unguwa da takardar tambayoyi, ya kwashi bayanai ya tafi, sakamakon ya kwanta a ɗakin karatu cikin Turanci.

A ganina wannan kuskure ne, kuma shan-inna ta ishe mu darasi. A 2003 zargi ya sa wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafi, cutar ta sake bazuwa. Da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya tattaro sarakuna cikin aikin a 2009, iyaye da dama suka amince. A 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Saboda haka, wajibi ne mai unguwa da limami da ungozoma su zauna da masana tun ranar zaɓen abin da za a bincika, ko zazzaɓin cizon sauro ne ko ruwan sha. In an kammala, a dawo ƙofar mai unguwa a bayyana sakamakon da Hausa, domin lafiyar da aka bincika tasu ce.