Uwargida, Lasin Tuƙi Ba a Kawo Shi Har Gida

Wannan makon na ɗan ajiye maganar rigakafi, saboda tambayar da wata 'yar'uwa ta aiko min daga Yola, ta Karaye ba ta Adamawa ba. Maigidanta ya koya mata tuƙi, hannunta ya faɗa, har tana kai yara asibiti cikin Karaye da kanta. To sai wani ya ce ta ba shi kuɗi da hoto, ya kawo mata lasin har gida, ba makaranta ba jarrabawa.

'Yar'uwa, kar ki ba shi. Lasin gaskiya sai kin je da ƙafarki an ɗauki hotonki da zanen yatsunki. Wanda aka kawo miki cikin ambulan, ranar da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC, suka duba lambarsa, ranar za ki san jabu kika saya.

Hanyar ba ta da ruɗani. Ki cika shekara 18, ki mallaki lambar NIN, ki shiga makarantar koyon tuƙi da FRSC ta amince da ita, sannan jami'an VIO su gwada ki a kan dokokin hanya da kuma tuƙin kansa. In kin ci, a ba ki na wucin gadi na kwana 60 kafin katin ya fito, na shekara 3 ko 5.

Jarrabawar dokokin ce matan da yawa ke tsoro. Ni ma na ji tsoronta. A aikin dare na yi karatuna, littafin Highway Code a aljihun yunifom, in marasa lafiya sun samu barci in buɗe shafi biyu. Abin da ya sauƙaƙa min shi ne na daina haddar allunan hanya ɗaya bayan ɗaya, na koma duba siffarsu. Mai kusurwa uku gargaɗi ne: kwana, gada, makaranta, shanu. Da'ira mai jan baki hani ce. Da'ira shuɗiya umarni ce. Jan allo mai kusurwa takwas kuwa tsayawa ake yi cak, ba rage gudu ba.

Sai lambobin gudu na ƙaramar mota: kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya irin ta Kano zuwa Zariya. Farin layin tsakiyar kwalta in bai yanke ba, ba a shan gaban mota, ko da babbar motar rake ce ke jan jiki a gabanki. A shataletale kuma, wanda ya riga ya shiga, wato mai zuwa ta hagunki, shi ke da hanya. Wanda ya saba da hanyar Karaye zuwa Rogo, nan yake rikicewa ranar da ya fara shiga Kano.

Amma tambaya ɗaya nake so ki riƙe ko da kin manta sauran: ina yaro ke zama a mota? Wanda bai kai shekara 12 ba, kujerar baya, kuma a ɗaure. Mu iyaye mata mun fi kowa karya wannan. Jariri na kuka, sai a ɗora shi a cinya ana tuƙi, ko uwa ta rungume shi a kujerar gaba tana ganin babu inda ya fi hannunta tsaro. Na karɓi irin yaran nan a ɗakin taimakon gaggawa. Uwa ba ko ƙwarzane, yaro kuwa goshi a fashe, don akuya ce ta gifta aka taka birki. Hannu ba ya riƙe yaro a wannan lokacin, komai son da kike masa. Kukan uwar da ke cewa "ai ina riƙe da shi" ba abin da nake so in sake ji ba ne.

Littafin da Turanci yake, na sani. Ki sa ɗanki na sakandare ya riƙa yi miki tambaya bayan sallar isha, zai ji daɗin zama malami. In maigida ne ke tuƙi, ki riƙa karanta masa kowane allo da kuka wuce. A duba idonki kafin ranar, musamman in kina da ciwon suga ko hawan jini. Ki kuma adana 122 a wayarki, lambar gaggawa ce ta FRSC.

Ga ta gwaji kafin mako mai zuwa. Kin kusa danja sai ta nuna ruwan ɗorawa, ga mai adaidaita sahu a bayanki yana ta danna miki hon. Me za ki yi? Ki rubuto amsarki a ƙasa, ban da tambayar maigida.