Iya Mai Ƙuli Ba Ta Cikin Takardar Asali

A taron dangi na bayan sallar bara, wani ƙanen mahaifinmu ya fito da takardar asalin gidanmu da ya sha wahalar haɗawa. An jero maza tun daga kakan kakanmu da ya zo Garwa da fataucin goro, kowa da sunansa da sana'arsa. Da aka kai ƙarshe sai wata gwaggonmu ta ce, "Malam, ina Iya?" Zaure ya yi tsit. Ba a manta da ita ba. Abin da ya faru shi ne babu wanda ya tabbatar da sunanta na yanka, domin 'ya'ya ba sa kama sunan uwa, jikoki kuwa Iya Mai Ƙuli suka taso suna ji.

Alhali kuwa guminta ne ya riƙe gidan nan shekara talatin bayan rasuwar mijinta. Tun asuba take soya gyaɗa, ta murje, a niƙa, ta tuƙa da ruwan zafi har mai ya tsatso, ta matse, ta mulmula tunkuzar ta soya. Ba ta fita. 'Yan matan gida ne ke kai talla. Kasuwarta ta gaske tana ci ne da damina, lokacin da Binuwai ke cika, jiragen ruwa su taso daga Najeriya da gishiri da siminti, su koma da auduga da gyaɗa. Watanni biyu zuwa uku ne kawai, amma 'yan dako kan cika bakin kogi, kowa na neman abin taɓawa da arha. Daga ribar waɗannan watanni take zuba adashi, daga adashin aka yi wa yara kayan makaranta, aka aurar da mata huɗu.

Yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da jiragen, tashar ba ta ƙara komawa yadda take ba. Sai kuma man ƙwayar auduga na SODECOTON, kamfanin da aka kafa a 1974, ya shiga kasuwa cikin kwalba, mata suka fara juya wa man gyaɗan hannu baya. Iya ba ta yi ƙorafi ba. Ta rage mai, ta ƙara ƙuli, ta samu dillaliya mai kai mata kaya kasuwar Pitowa ranar Lahadi.

Ba ta taɓa yarda da kuɗin takarda ba. Duk dalar da ta rage sai ta zama akuya ko kwanon jere. Muna yara muna yi mata dariya a kan haka. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, ma'aikatan gidanmu masu albashi ne suka riƙa zuwa ɗakinta neman rance, ita kuwa awakinta na nan a turke.

Daga baya mun bi tsofaffin unguwa. Wata tsohuwa da suka yi adashi tare ta faɗi suna, wata ta musanta, ta faɗi wani daban. Baffanmu ya rubuta duka biyun da fensir a gefen takardar, ya ajiye ta har zuwa taron baɗi.