Filin Mata: Yadda Ofishin Lauya Ke Girma

 Zancen yau na 'yan makaranta ne masu sha'awar aikin lauya. Amma iyaye ku ma ku matso kusa, tun da ku ke ɗawainiyar karatun.

Kowace uwargida ta san Alabukun, garin maganin ciwon kai na cikin 'yar takarda. Wani Bayarabe ne ya ƙago shi a 1918, sunansa Jacob Odulate. To, yana da ɗiya, Folake, wadda aka haifa a Abekuta a 1932, wadda daga baya aka sani da Folake Solanke. Da farko malama ce. Latin da lissafi ta karanta a Ingila, su kuma ta koyar. Sai da ta yi aure, a 1960 ta shiga Gray's Inn a Landan don koyon aikin lauya. Ku lura da wannan, ku masu cewa aure ya rufe ƙofar karatu.

Da ta komo gida ba ta yi garajen kafa allo da sunanta ba. Ta fara zama ƙarƙashin manya. A 1963 ta shiga ofishin Cif Rotimi Williams, wanda da shi aka kafa kamfanin lauyoyi na farko na 'yan ƙasa a 1948. A irin wannan zama ne ƙaramin lauya ke koyon abin da littafi bai faɗa ba: yadda ake tsara takardar ƙara, yadda ake tambayar shaida ba tare da an fusata alƙali ba, da yadda ake gaya wa mutum cewa ƙararsa ba ta da ƙarfi alhali ya zo da kuɗi a hannu. Wannan na ƙarshe shi ya fi wuya.

A 1966 ta buɗe nata ofis a Badun, ta sa masa sunan Alabukun. Dabara ce mai kyau, a ganina, gama suna ne da jama'a suka riga suka yarda da shi.

Sabon ofishin lauya ba abin kallo ba ne. Ɗaki ne da tebur, da 'yan littattafan shari'a, da akawu ɗaya in an samu. Kuɗin haya ba ya jira. Ga shi kuma ƙa'idar aikin ta hana lauya bin mutane yana tallar kansa kamar mai ƙosai. Wanda aka yi wa aiki ya ji daɗi, shi ke turo ɗan'uwansa, shi ma ya turo wani. Abin yana tafiya a hankali ƙwarai.

Inda ƙananan ofisoshi suka fi tuntuɓe shi ne kuɗin mutane. Za a sayar da gida ko a raba gado, a damƙa wa lauya kuɗi masu yawa, ga shi wata ya yi nisa. Doka ta ce kuɗin masu ƙara a ajiye su a asusu dabam a banki, kada a gauraya su da na ofis. Wadda ta taɓa riƙon adashi ta san dalili. Lauyan da ya taɓa su, ko da niyyar mayarwa, yana iya rasa izinin aikinsa.

Saboda haka, uwa, in 'yarki ta gama jami'a, ta yi shekararta a Makarantar Lauyoyi, ko ta Bagauda kusa da Kano, ko ta Bwari, kada ki matsa mata da cewa ina ofishinta. Ki bar ta ta ɗauki jakar wani tukuna.

Ita Folake shekara 15 ta yi tana riƙe da ofishinta kafin a 1981 aka ba ta muƙamin Babban Lauyan Nijeriya, wato SAN. An fara ba da muƙamin a 1975, kuma kafin ita ba macen da ta same shi.