Kafin A Taya Tsohon Fam Na Zinariya

Duk wanda zai shiga gidan gwanjo a Landan don ya taya tsohon fam na zinariya na Ingila, to, kada ya dogara ga sikeli kaɗai. Gaskiya ne awo ne matakin farko: fam ɗin nan da aka soma bugawa a 1817 nauyinsa giram 7.98 ne, faɗinsa milimita 22, zinariyarsa kuwa karat 22. Amma maƙeran jabu na Beirut da Italiya a shekarun 1950, da yawansu da zinariyar gaske suka riƙa ƙera nasu, domin farashin fam ya zarce na zinariyar da ke jikinsa. Irin waɗannan sikeli ba ya tona musu asiri.

Wurin dubawa shi ne ƙarƙashin kofaton dokin da ke bayan kuɗin, sama da shekarar bugu. Can ake samun ɗan harafi mai nuna garin da aka buga shi: S na Sidni, M na Melbon, P na Perth. Na Landan ba su da harafi. Fam ɗin Landan na 1917 ya yi ƙaranci ƙwarai, har kuɗinsa ya ninka na Perth sau da yawa. Saboda haka mazambata kan kankare harafin P, su ce ɗan Landan ne. Lalle mai saye ya sa madubin ƙara girma ya nemi tabon kankarewa a daidai wurin nan tun ba a buga ƙararrawa ba.

Sa'an nan ga ƙyalli, abin da ke ruɗin sabon shiga. Kuɗin da aka goge ya yi fes, darajarsa faɗuwa take a wurin masu auna inganci, waɗanda ke ba da maki daga 1 zuwa 70. Su dai sun fi son su gan shi da dushewarsa ta shekara ɗari.