Zuwa Ga Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa: Ciwon Suga Da Ƙodar Mutanen Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa

Mai Girma Gwamna,

Na rubuto ne a kan wata cuta da ke cin mutanen kudancin jiharmu a ɓoye, wato lalacewar ƙoda da ciwon suga ke jawowa. Roƙona guda ne: gwamnati ta kai gwajin ƙoda matakin mazaɓa a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, kuma ta tsara shi ta hanya biyu, ɗaya don mata, ɗaya don maza, domin cutar ba ta bin jikinsu iri ɗaya, hanyar da ke kai su asibiti ma daban take.

Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai wajen miliyan guda, suna aiki kamar rariya: su zubar da datti cikin fitsari, su tsare abin da jiki ke buƙata. Idan suga ya daɗe da yawa a jini, ga hawan jini a kai, matatan sukan ɓule, furotin ya fara yoyo cikin fitsari. Wannan kan ɗauki shekaru ba zazzaɓi ba raɗaɗi. Kafin a ga ƙafafu sun kumbura, fuska ta tasa da safe, fitsari yana kumfar da ba ta kwanciya, ɓarna ta riga ta yi nisa. Likitoci sun ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na manya masu ciwon suga yana da matsalar ƙoda, kuma da yawansu ba su sani ba.

Abin da binciken ƙasashe da dama ya nuna shi ne, mata sun fi yawa cikin masu ciwon ƙoda, amma na maza ya fi saurin kaiwa ga mutuwar ƙodar gaba ɗaya, kuma maza sun fi yawa a kan injin wankin ƙoda. Sinadarin estirojin na jikin mace yana ba ƙodarta kariya a shekarun haihuwa, sai dai ciwon suga yana rage wannan kariya, daina al'ada kuma ya ƙara rage ta. Ga nauyin da ciki ke ɗora wa ƙoda. Matar da suga ya taso mata lokacin goyon ciki, ko ta yi hawan jinin masu ciki har ya kai ga jijjiga, haɗarin ciwon suga da na ƙoda yana biye da ita shekaru bayan an sha suna. A yankin da mace ke haihuwa shida ko bakwai kusa da kusa, wannan nauyi maimaita kansa yake yi. Ciwon mafitsara ma ya fi kama mata, suga yana ƙara masa ƙarfi, sau da yawa kuma a kira shi sanyi, a yi ta shan jiƙo har ƙwayar cutar ta hau ƙoda.

Akwai wani wuri da ake cutar mace ba da niyya ba, a kan takardar sakamakon gwaji. Sinadarin kiriyatinin da ake aunawa a jini daga tsokar jiki yake fitowa, mace kuwa tsokarta ba ta kai ta namiji ba. Don haka lambar da za a gani a takardar ƙaƙƙarfan manomi a ce lafiya lau, ita ce za a gani a takardar siririyar dattijuwa alhali ƙodarta ta raunana sosai. Akwai lissafin da ke haɗa lambar da shekaru da jinsi ya fitar da ainihin ƙarfin ƙoda, ana yin sa ko a wayar hannu. Haka kuma magungunan da suka fi kare ƙodar mai suga, irin su lisinopril da losartan, suna cutar da ɗan tayi, don haka dole malamin asibiti ya tambayi mace zancen ciki kafin ya rubuta mata su.

Namiji kuwa matsalarsa ta farko ita ce ba ya zuwa. Mace ko ba komai awon ciki da rigakafin yara suna kai ta gaban ma'aikacin lafiya, shi kuwa magidanci sai ya faɗi ake ɗaukarsa. Yana yini a gona cikin rana da ƙarancin ruwan sha, da yamma ya biya kemis ya karɓi haɗin ciwon jiki mai diclofenac ko ibuprofen, waɗanda yawan shan su ke ƙara illata ƙodar da suga ya riga ya taɓa. Raunin mazakuta, wanda sau da yawa alama ce ta suga ya lalata jijiyoyi, kunya kan sa a kira shi basir, a nufi mai tallar maganin ƙarfin maza a kasuwa. Idan shekaru suka ja, kumburin da ke toshe wa dattawa hanyar fitsari ya zo ya ƙara nasa.

Saboda haka nake ba da shawara a riƙe mata ta ƙofar awo: a auna suga tsakanin mako 24 zuwa 28 na ciki, duk wadda aka samu da suga ko hawan jini a ba ta kati, a sake duba ta wajen arba'in, lokacin da take kawo jariri rigakafin mako shida, sannan duk shekara. A nan ne ma za a ja kunnen mai jego mai hawan jini game da kunun kanwa. Maza kuwa a bi su inda suke taruwa, kasuwar Sheme da ta Yankara, tashoshin mota, harabar masallatan Juma'a, da na'urar awon jini da ta suga da tsinken gwajin fitsari. Tsinken ba ya kama yoyon furotin na farko, don haka duk mai suga a tura fitsarinsa babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa don gwajin da ya fi zurfi.

Za a ce yankin da 'yan bindiga suka addaba, inda aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, tsaro ya fi buƙata. Gaskiya ne, amma rashin tsaron shi ne babban dalilin gaggauta wannan aiki. Wankin ƙoda sau uku ake so a mako, kowane zama wajen awa huɗu. Mutumin Sabuwa da ƙodarsa ta mutu sai ya riƙa bin hanyar Zariya, Kano ko birnin Katsina, da kuɗin mota da na wanki, a hanyoyin da mai lafiya ma yake bi da addu'a. Gida nawa ne zai jure wannan wata uku? Kuma idan kuɗi suka gaza, sanin kowa ne an fi sayar da gona ko shanu don mai gida, uwargida kuwa a mayar da ita ɗaki a ce sai addu'a. Ranar Ƙoda ta Duniya ta 2018 ma an keɓe ta ne ga lafiyar mata.

Za a kuma ce zazzaɓin cizon sauro da mutuwar mata wurin haihuwa sun fi gaggawa, ma'aikata kuma ba su isa ba. Ai ungozomar da ke awo ita ce za ta yi gwajin, a zaman da ta riga ta yi da mai ciki, kuma kama hawan jinin mai ciki da wuri yana ceton uwa da jariri tun yanzu. Wani zai ce binciken nan galibi a Turai da Amurka aka yi shi. To, sai mu tara namu: kowace cibiyar lafiya ta rubuta sakamakon maza daban, na mata daban, da shekarunsu, domin likitocin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina su samu abin nazari.

Ranka ya daɗe, jiharmu tana da mazaɓu 361. Ina roƙo a fara da na waɗannan ƙananan hukumomi uku, a sa gwajin fitsari da na kiriyatinin na shekara-shekara da maganin hawan jini cikin abin da shirin taimakekeniyar lafiya na jiha ke biya wa masu ciwon suga, a horar da ma'aikata karanta sakamako bisa jinsi, a kuma ware wa aikin kuɗinsa a kasafin baɗi.

Allah Ya yi maka jagora. Wassalam.