Sheme, Ƙanƙara da Fihirisar da Ba Ta San Baƙaƙen Hausa Ba

Duk ɗalibin da ya taɓa neman wata mas'ala a babban littafi ya san amfanin fihirisa, wato jerin kalmomin da ke nuna shafin da kowane abu yake. Rumbun bayanai na kwamfuta ma da fihirisa yake aiki. Wadda aka fi amfani da ita ana kiranta bishiyar B, wadda Rudolf Bayer da Edward McCreight suka ƙago a kamfanin Boeing a 1970. Hikimarta ita ce a jera sunaye bi da bi, a rarraba su reshe-reshe, ta yadda na'ura za ta tsinci suna ɗaya cikin miliyan da taku kaɗan.

To, amma jerin wa za a bi? A tsarin Turanci, Sheme na zuwa bayan Sabuwa, kafin Soba da Sumaila. A abacadan Hausa kuwa “sh” baƙi ne mai zaman kansa, don haka sai an ƙare da Soba da Sumaila kafin a iso Sheme. Haka Ƙanƙara: ga Bature tana gaban Katsina, ga Bahaushe tana bayan Kurfi da Kusada, domin “ƙ” ba “k” ba ce. 'Yankara, maƙwabciyar Sheme a ƙasar Faskari, ta fi su shan wahala. Wani zai rubuta ta da miƙaƙƙen ɗigon sama, wani da lanƙwasasshe, wani ya watsar da shi ɗungum, mutumin Maraɗi kuma ya sa “ƴ” irin ta Nijar. A idon na'ura garuruwa huɗu ke nan.

A da wannan bai zama abin tashin hankali ba, saboda akwai malamin ofis wanda ya san Kankara da Ƙanƙara gari ɗaya ne. Yanzu an fara miƙa aikin ga wakilan ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin da ake ba umarni su karanta littafin jagorar kayan aiki, su gina fihirisa, su yi bincike da kansu. Irin wannan wakili ba ya ɗaga waya ya tambayi na gaba da shi. Abin da aka rubuta shi ne malaminsa. Inda aka yi shiru, sai ya cike gurbin da zato, kuma zaton nasa yawanci na Turanci ne.

A ce an tara sunayen mutanen da rikicin 'yan bindiga ya raba da ƙauyukansu a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara domin rabon hatsi. Ma'aikaci ɗaya ya shigar da sunaye da baƙaƙe masu lanƙwasa, wani ya shigar ba su. Aka umarci wakili ya fitar da mutanen Ƙanƙara. Zai kawo jeri mai tsabta, ba tare da wani gargaɗi ba, alhali wasu magidanta sun zube a hanya. Kuskuren da ke ihu yana da sauƙin magani. Wannan kuwa shiru yake yi, sai ranar rabo wata uwa ta koma gida da buhu wayam.

Kada a ɗauka tatsuniya ce. A 2018 aka fitar da glibc 2.28, wani ginshiƙin manhajar Linux, wanda ya sauya ƙa'idar jera baƙaƙe. Masu rumbunan PostgreSQL da suka sabunta na'urorinsu suka tarar tsofaffin fihirisoshinsu na ba da amsa ba daidai ba, har sai da aka sake gina su. Ƙwararrun injiniyoyi ne suka faɗa wannan rami, balle wakilin da bai san abin da ba a gaya masa ba.

Masu auna ingancin littattafan jagora yau sun fi duba ko na'ura na iya karanta shafin cikin sauƙi. A 2024 Jeremy Howard ya kawo shawarar fayil mai suna llms.txt don wannan buƙata, kuma ba laifi. Sai dai sauƙin karatu daban, cikar bayani daban. Littafin PostgreSQL ya cancanci yabo da ya faɗa a fili cewa kowane ginshiƙi na fihirisa tsarin jeri ɗaya tak yake ɗauka, kuma tun sigarsa ta 10 a 2017 manhajar ke iya amfani da ƙa'idojin ICU. Kundin CLDR na ƙungiyar Unicode, inda ICU ke ɗebo ƙa'idojin, yana da tsarin Hausa wanda ya san “sh” da “ts” da “ƙ”. Kayan aikin yana nan. Sai an zaɓe shi da gangan yake aiki.

Saboda haka sassan kimiyyar kwamfuta na jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma da Zariya suna da jarrabawa mai arha da za su iya shiryawa. A ba wakili littafin jagora shi kaɗai, a haɗa masa da sunayen ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina da garuruwansu cikin rubutu iri-iri, a ce ya jera, ya kuma nemo. In ya sa Sheme a gurbinta, ya gane 'Yankara huɗun nan gari ɗaya ne, littafin ya ci. In ya kasa, a rubuta wa masu littafin shafin da ya ɓace, da Hausa da Turanci, a aika musu.