Cinikin Kayan Ado Ta Intanet: Amana Ce Jarin Farko

Sanin kowa ne cewa kasuwar tufafi a Nijeriya ta sami sabuwar rumfa a 'yan shekarun nan, watau intanet. Tun daga 2012, shekarar da aka kafa kamfanonin Jumia da Konga a Legas, jama'a suka fara sabawa da ganin hoton kaya a waya, su biya kuɗi, su zauna jiran a kawo musu har gida. A yau harkar ta wuce hannun waɗannan manyan kamfanoni, domin kuwa ɗimbin 'yan kasuwa na Kantin Kwari a Kano, da Balogun a Legas, da Wuse a Abuja, da Ariaria a Aba, suna baje hajarsu a Instagram da Facebook da WhatsApp. Abin tambaya shi ne, wane irin kaya ya fi dacewa da wannan rumfa, kuma me zai sa wanda ya saya sau ɗaya ya sake dawowa?

A ganinmu, kayan ado da ke rakiyar tufafi, kamar hula da takalmi da jaka da mayafi da ɗankwali da agogo da sarƙa da 'yan kunne, su ne suka fi dacewa da ƙaramin ɗan kasuwar da ke son shiga wannan fage. Dalili kuwa a fili yake. Babbar matsalar sayar da ɗinkakkiyar riga daga nesa ita ce awo, saboda jikin mutane ya bambanta, kuma abin da wani kamfani ya kira matsakaici, a wurin wani ƙarami ne. Jaka da mayafi ba su da wannan matsala, hula kuwa lambarta sananniya ce, wanda ke sa 22 ko 23 ya san kansa. Bugu da ƙari, waɗannan kaya ba su da nauyi, ba su cin wuri, don haka kuɗin aika su bai kai na dilar atamfa ko bandir ɗin shadda ba, kuma jarin da ake bukata kafin a fara bai taka kara ya karya ba.

Daɗin daɗawa, a wannan fanni ne muke da abin da wasu ba su da shi. Fatar jan akuyar Sakkwato ta daɗe da yin suna, ita ce fataken da suka ratsa Hamada suka kai Arewacin Afirka, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Dukawan Kano da na Naraguta a Jos suna nan suna ɗinka jaka da takalmi. Hular Zanna Bukar da ta Bama, waɗanda akan ɗauki makonni ana ɗinka su da hannu a Barno, suna da masu saye daga Legas har Accra. Haka nan tsakiyar Bida da kayan tagullarta, da rinin Ƙofar Mata, da takalman Aba. Duk waɗannan kaya ne da mai saye a Fatakwal ko Landan zai so ya samu ba tare da ya yi tattaki ba.

To amma fa akwai gyara. Koke-koken masu saye ba ɓoyayyu ba ne, har ya zama abin raha a kafafen sada zumunta mutum ya ɗora hoton abin da ya yi oda kusa da hoton abin da aka kawo masa. An nuna jakar fata, an kawo ta roba. An nuna hula aikin hannu, an kawo ta inji. An yi alkawarin kwana uku, kaya sun yi mako biyu a tasha. Idan mai saye ya nemi a mayar masa da kuɗinsa sai a ce an riga an rubuta cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su, wani lokaci ma a toshe lambarsa baki ɗaya.

Masana tattalin arziki sun daɗe da bayyana illar irin wannan hali. A 1970 wani masani ɗan Amurka, George Akerlof, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 2001, ya yi nazari a kan kasuwar tsofaffin motoci. Ya nuna cewa idan mai sayarwa ya san ingancin kayansa, mai saye kuwa ba shi da hanyar sani, to mai saye ba zai yarda ya biya kuɗin kaya mai kyau ba, don gudun kada a haɗa shi da marar kyau. Daga nan sai mai kaya na ƙwarai ya ga ba riba ya janye, kasuwa ta koma hannun masu algus. Abin da ke neman faruwa da cinikinmu na intanet ke nan. A Kwari mutum yakan taɓa yadi, ya ɗaga shi a rana, ya murza ya ji nauyinsa. A waya kuwa hoto kawai yake gani. Saboda haka duk ɗan kasuwar da ya yi ha'inci yana rage farashin kayan 'yan'uwansa masu gaskiya, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Wannan rashin yarda shi ne ya haifar da tsarin nan na biya idan kaya sun iso. Tsarin ya kwantar wa masu saye da hankali, amma ya ɗora wa masu sayarwa nauyi. Ɗan kasuwa zai fitar da kaya, ya biya kuɗin mota da na mai babur, sa'an nan a je a tarar mai oda ya canza ra'ayi ko ya kashe waya. Jarinsa ya kwanta a hanya, ga asarar kuɗin zuwa da na dawowa. Ko manyan kamfanonin duniya sun ji jiki da dawo da kaya, shi ya sa a 2022 kamfanin Zara ya fara cajin masu saye a Ingila kuɗin mayar da abin da suka saya ta intanet. Idan masu wannan ƙarfi sun koka, ina ga mai shago ɗaya?

Ana cikin haka sai ga gasa ta ƙara tsanani. Bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, Dalar Amurka da ake canzawa a kan Naira 460 da 'yan kai a hukumance ta haura Naira 1,500 a 2024. Wannan ya sa kayan waje sun yi tsada, wanda a ƙa'ida dama ce ga masu sana'ar gida. Sai dai a ƙarshen 2024 kamfanin Temu, mai tushe a ƙasar Sin, ya shigo kasuwar Nijeriya da tallan agogo da jaka da 'yan kunne a farashi mai rahusa, kai tsaye daga masana'anta zuwa hannun mai saye. Dillalin da sana'arsa ita ce ya sayo irin waɗannan kaya daga Guangzhou ya ɗora riba, ya kamata ya san cewa ana neman tsallake shi. Wanda bai manta yadda masaƙun Kaduna da Kano suka durƙushe a gaban yadin waje mai araha ba, ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

Ko shakka babu, ba za mu iya kayar da masana'antun Sin a fagen araha ba. Inda za mu fi su shi ne kusanci da mai saye, da saurin kai kaya, da sanin abin da mutanenmu ke so lokacin Salla da biki, da kuma kasancewar akwai wanda za a kama idan an sami matsala. Duk waɗannan kuwa ba su da amfani sai an yarda da mu.

Saboda haka ya zama wajibi kowane mai sayarwa ya ɗauki hoton ainihin kayansa da hasken rana, ya daina aron hotunan wasu. Ya rubuta awo a fili, tsawo da faɗin jaka ko mayafi, lambar hula da ta takalmi, ya kuma faɗi ko fata ce ko roba, aikin hannu ne ko na inji, zinariya ce ko ruwanta aka sha. Ya sa farashi a bainar jama'a maimakon cewa a biyo shi ta bayan fage. Ya bayyana kwanakin da ya amince a dawo da kaya da wanda zai biya kuɗin mota. Wannan ma doka ce, domin Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai gani ba kafin a kawo, muddin suka saɓa wa yadda aka siffanta su.

Wasu za su ce wannan zai ƙara wa ƙaramin ɗan kasuwa ɗawainiya, kuma akwai masu saye da za su sa kaya su je biki sa'an nan su dawo da su. Gaskiya ne akwai irinsu. Maganinsu shi ne sharaɗi bayyananne, kamar a ce ba a karɓar kayan da aka cire wa lamba ko aka wuce kwanakin da aka ɗiba. Asarar jaka ɗaya da aka dawo da ita ba ta kai asarar mai saye da ya tafi yana ba da labari ba.

Har ila yau, ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna da rawar takawa. Tun kafin zuwan banki, fatauci tsakanin Kano da Gwanja ya tsayu ne a kan mai gida, wanda ke saukar da baƙo, ya tsaya masa, ya kuma lamunce bashin da aka ba da a gabansa. Ƙungiyoyin Kwari da Ƙofar Wambai da Ariaria za su iya farfaɗo da wannan aiki ta hanyar yi wa mambobinsu masu ciniki ta intanet rajista, su ba su shaida, su saurari ƙara, su janye shaidar daga wanda ya ci amana. Su kuma bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya su sauƙaƙa tsarin da zai riƙe kuɗin mai saye har sai ya tabbatar kaya sun iso yadda aka faɗa.

Daga ƙarshe, muna kira ga hukumar FCCPC da ta wayar da kan jama'a a kan wannan doka cikin harsunan gida, Hausa da Yarbanci da Ibo, domin yawancin masu saye da sayarwa ba su san da ita ba. 'Yan kasuwarmu kuwa su tuna cewa mai saye na nesa bai san shagonsu ba, bai san iyayen gidansu ba, maganarsu kaɗai ya riƙe. Wanda ya cika ta zai ga oda ta biyu.